Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Gwada Ko Sarari da Lokaci Suna Nuna Son Kai?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu sun taru a kan batu guda, wato gwaje-gwajen da masana fiziks ke yi domin su ga ko dokokin da ke tafiyar da ƙananan ɓurɓushin zarra suna canzawa idan an canza alƙibla, ko gudu, ko aka musanya ƙwaya da kishiyarta, wato takwararta mai akasin cajin lantarki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Na sha karanta cewa masana sun kafa sabuwar iyaka a kan karyewar daidaiton Lorentz, amma idan na kai ƙarshen labarin sai in tarar ba su gano komai ba. Mene ne wannan daidaito, kuma me ya sa ake shelar binciken da ya dawo hannu rabbana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daidaiton Lorentz, wanda aka raɗa wa sunan masanin ƙasar Holan Hendrik Lorentz, shi ne ginshiƙin ka'idar da Albert Einstein ya wallafa a 1905, kuma abu biyu yake cewa. Na farko, idan ka yi gwaji a ɗakin bincike na'urarka tana fuskantar gabas, sannan ka juya ta arewa ka maimaita, dokar da ke aiki ba za ta canza ba. Na biyu, idan aka ɗora ɗakin gaba ɗaya a kan abin hawa mai tafiya a miƙe da gudu ɗaya, nan ma dokar tana nan yadda take, kuma gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a sakan guda, ba zai ƙaru ko ya ragu ba. Ɗalibi mai kaifin basira zai ce maka ai allurar kamfas tana nuna arewa, saboda haka akwai alƙiblar da aka fifita. Amsarsa ita ce maganaɗisun duniya ne ke jan allurar, kuma wannan abu ne da ke zaune a cikin sarari; abin da ake tambaya shi ne ko sararin da kansa, bayan an kawar da duk abin da ke cikinsa, yana da wani gefe da yake so.

Gwajin farko mai nauyi ya riga Einstein. A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Albert Michelson da Edward Morley sun ɗora madubai a kan wani faffaɗan dutse, suka sa dutsen yana yawo a kan ruwan zaiba domin a iya juya shi a hankali ba tare da girgiza ba. Suka raba haske gida biyu, kowane kashi ya bi hanyar da ta kai tsawon mita 11, ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye, sannan suka sake haɗa su suna kallon zanen layukan haske da duhu da haɗuwar ke fitarwa. Da yake duniya tana kewaya rana da gudun kusan kilomita 30 a sakan guda, sun sa ran layukan za su gusa da kimanin kashi 4 cikin 10 na faɗin layi ɗaya idan aka juya dutsen. Suka yi ta juyawa da tsakar rana da kuma yamma na 'yan kwanaki, gushewar da suka gani ba ta kai ko kusa da haka ba.

A nan ne ma'anar iyaka take. Mai sayar da zinare wanda sikelinsa ba ya jin abin da ya gaza giram ɗaya, idan ya auna zobba biyu ya ga sun yi daidai, ba shi da hurumin cewa nauyinsu ɗaya ne; abin da zai iya rantsewa a kai shi ne bambancinsu, idan akwai, bai kai giram ɗaya ba. Masanin da ya ce ya kafa iyaka wannan maganar yake yi, kuma wanda ya zo bayansa da ma'auni mafi ji sai ya matse iyakar. Gwajin Michelson da Morley har yau ana maimaita shi, sai dai yanzu da hasken lesa ko igiyar maikurowef ake yi, a kulle ta tana kai da komo a cikin ƙaramin ƙoƙo na gilashi ko na dutsen safaya, a ɗora a kan teburin da ke juyawa wata da watanni. A 2009 ƙungiyoyi biyu a Jamus, ɗaya a Balin ɗaya a Düsseldorf, sun nuna cewa bambancin gudun haske tsakanin alƙibla da alƙibla bai wuce kashi 1 cikin adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 17 ba. A 2015 masanan Balin tare da takwarorinsu na Jami'ar Yammacin Ostareliya suka ƙara matse shi zuwa kimanin kashi 1 cikin biliyan sau biliyan. Idan kana so ɗalibanka su ji girman wannan, ka sa su lissafa shekarun sararin samaniya, biliyan 13.8, da sakan, sannan su ɗauki wannan kaso daga ciki. Za su tarar bai kai rabin sakan ba.

Akwai wata dabara a cikin aikin da nake ganin ta fi kowace kyau. Idan akwai alƙiblar da sarari ya fifita, to tana nan a kafe dangane da taurari masu nisa, kuma duniya tana cika juyi ɗaya dangane da taurari a cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4. Amma zafin rana, da sanyin dare, da hayaniyar motoci, da hawa da saukar wutar lantarki, duk suna bin kwanan rana mai awa 24. Saboda haka mai bincike yakan tara ma'auninsa na tsawon watanni, har wannan tazarar ta kusan minti 4 ta taru ta raba alamar gaskiya da ruɗin muhalli. Da irin wannan hanya masana a cibiyar ma'aunai ta ƙasar Jamus da ke Braunschweig suka kwatanta agogo biyu, kowanne an gina shi a kan zarrar itabiyam guda ɗaya kuma suna fuskantar alƙibla dabam, na kusan wata shida, suka wallafa a 2019 cewa ba su ga saɓani ba, abin da ya kafa wa ƙwayar ilekturon iyakar da ta kai kashi 1 cikin adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 21. Sakamako irin wannan yana kashe duk wata ka'ida da ta yi hasashen bambancin da ya fi haka girma, kuma ka'idoji da dama sun mutu a dalilinsa. Wannan shi ne abin da ake shela, kuma a ganina ya cancanci a shelanta shi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a jami'a a Maraɗi. An koya mana cewa daidaiton C da na P duk sun karye, kuma haɗinsu ma ya karye. To me ya sa har yanzu ake dogara da CPT, kuma yaya ake gwada shi?

Amsa: Malama, shakkarki tana da tushe a tarihi. Haruffan uku suna nufin musanya uku: C ita ce a maye gurbin kowace ƙwaya da kishiyarta mai akasin cajin lantarki, P ita ce a juya hagu ta koma dama kamar a madubi, T kuma ita ce a mayar da tafiyar lokaci baya. Har zuwa tsakiyar shekarun 1950 kusan kowa ya ɗauka kowacce daga cikinsu tana tsaye da ƙafarta. A 1956 Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka lura cewa ba wanda ya taɓa gwada P a kan raunanan ƙarfin da ke sa wasu zarra su narke da kansu. Chien-Shiung Wu ta ɗauki aikin, ta sanyaya ƙarfen kobal-60 har kusa da ƙarshen sanyi, ta jera cibiyoyin zarrarsa da maganaɗisu, sai ta ga ilekturon sun fi fita ta gefe ɗaya fiye da ɗayan. A farkon 1957 aka tabbatar P ta faɗi, kuma C ta bi ta. An ba Lee da Yang kyautar Nobel a wannan shekarar, ba a sa Wu ba, kuma ina cikin masu ganin ba a yi mata adalci ba. Daga nan aka koma ana dogara da haɗin CP, har 1964, lokacin da James Cronin da Val Fitch a cibiyar Brookhaven suka ga wata ƙwaya mai suna kayon tana narkewa ta hanyar da CP ta haramta, kimanin sau 2 a cikin 1,000.

Abin da ya bambanta CPT da waɗancan shi ne ba zato ba ne, hujjar lissafi ce. Gerhart Lüders a 1954 da Wolfgang Pauli a 1955 sun nuna cewa duk ka'idar ƙwayoyi da ta mutunta daidaiton Lorentz, kuma ta yarda cewa abu yana tasiri ne a kan abin da ke dab da shi kawai, tare da wasu sharuɗɗa na asali, dole ne ta zauna daidai idan aka yi musanya ukun a lokaci guda. A 2002 Oscar Greenberg ya ƙara nuna cewa a irin waɗannan ka'idoji, idan CPT ta karye to daidaiton Lorentz ma ya karye. Ke nan karyewar P ta sa an gyara ɗaki ɗaya ne a cikin ginin, amma karyewar CPT za ta taɓa harsashinsa.

Hujjar tana da sakamakon da ake iya aunawa: ƙwaya da kishiyarta dole su zo ɗaya a nauyi da tsawon rai, cajinsu da ƙarfin maganaɗisunsu kuma su zo daidai a girma amma akasi a alama. A cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba akwai na'urar da ke rage wa kishiyar furoton (furoton ita ce ƙwayar da ke cibiyar zarrar haidirojin) gudu har a iya kama ta. Ƙungiyar BASE tana tsare ƙwaya guda ɗaya tak a cikin tarkon lantarki da maganaɗisu, a wuri mai tsananin sanyi da aka zuƙe iskarsa sarai, domin da zarar ta taɓa zarra ta gari, wato irin ta yau da kullum, su biyun za su hallaka juna. Ƙwayar tana kewayawa a cikin tarkon, sai a saurari yawan kewayenta a sakan, sannan a matsar da ita gefe a sa zarrar haidirojin mai cajin da ya yi daidai da nata, wadda ke wakiltar furoton, a sake aunawa. Sun yi wannan musanya fiye da sau 24,000 a cikin kimanin shekara ɗaya da rabi, kuma a 2022 suka bayyana cewa rabon caji da nauyi na furoton da na kishiyarsa sun yi daidai har zuwa kashi 16 cikin tiriliyan ɗaya. Tun a 2017 sun auna ƙarfin maganaɗisun kishiyar furoton zuwa kashi 1.5 cikin biliyan, shi ma ya dace.

Ƙungiyar ALPHA kuwa zarra sukutum take haɗawa, wato kishiyar haidirojin, daga kishiyar furoton da kishiyar ilekturon. Sun fara kama ta a tarko a 2010, a 2018 suka haska ta da lesa suka ga launin hasken da take sha ya yi daidai da na haidirojin zuwa kimanin kashi 2 cikin tiriliyan, a 2023 kuma suka nuna cewa idan aka sake ta ƙasa take faɗowa, ba sama take tashi ba. A ɓangaren kayon, an gano cewa bambancin nauyinta da na kishiyarta bai kai kashi 1 cikin biliyan sau biliyan ba. Abin da ke ƙara wa masana ƙaimi shi ne wata matsala da ba a warware ba: sararin samaniyar da muke gani kusan duka da ƙwayoyi na gari aka gina shi, kishiyoyinsu sun ɓace, alhali karyewar CP da aka auna zuwa yanzu ta yi kaɗan ƙwarai ta bayyana dalilin haka.

Tambaya: Daga Kumasi nake rubutowa. Na tuna an taɓa ba da labari a rediyo cewa an ga wata ƙwaya da ta fi haske gudu. Ina aka kwana?

Amsa: Ɗan'uwa, gwajin OPERA kake nufi. A watan Satumba na 2011 masu gwajin suka sanar cewa ƙwayoyin niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi marasa caji masu ratsa ƙasa da dutse, da ake harbowa daga CERN ta cikin ƙasa zuwa ɗakin bincike na Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, suna isa da wuri da kashi 60 cikin biliyan na sakan idan aka kwatanta da lokacin da haske zai ɗauka, wato sun fi shi gudu da kusan kashi 1 cikin 40,000. Tun a lokacin akwai dalilin yin taka-tsantsan. A watan Fabrairu na 1987 wani tauraro ya fashe a nisan da haske ke ɗaukar kimanin shekara 168,000 kafin ya ratsa, kuma na'urori a Japan da Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun kama niyutirino ashirin da 'yan kai daga gare shi 'yan sa'o'i kawai kafin a ga haskensa, ratar da aka san dalilinta, domin hasken sai da ya ratsa jikin tauraron kafin ya fito. Da waɗancan niyutirino suna da irin gudun da OPERA ta gani, da sun riga hasken isowa da kusan shekara 4.

A watan Fabrairu na 2012 aka gano cewa wata wayar gilashi da ke kai saƙon lokaci daga tauraron ɗan'adam zuwa agogon na'urar ba ta ɗauru da kyau ba, kuma akwai wata matsala ta biyu a agogon kansa. Bayan an gyara, OPERA da wasu gwaje-gwaje uku a Gran Sasso suka sake aunawa, a watan Yuni na 2012 aka tabbatar gudun niyutirino ya dace da na haske. Ban ga abin zargi ba a kan masanan da suka fito da sakamakonsu fili suka roƙi a bincika musu, domin ta haka aka kama kuskuren a cikin watanni.

Tambaya: Idan shekara fiye da 130 ana nema ba a samu ba, me ya sa ake zaton akwai abin da za a samu? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, dalilin shi ne manyan ka'idoji biyu na fiziks, ta ƙananan ƙwayoyi da ta Einstein a kan ƙarfin jan nauyi, ba su jitu da juna ba, kuma lissafi yana nuna cewa saɓaninsu zai fito fili ne a wani mataki na makamashi da ake kira matakin Planck. Wannan mataki ya ninka abin da babbar na'urar karo ta CERN ke iya kaiwa kimanin sau miliyan biliyan, saboda haka babu wata na'ura da za a gina a doron ƙasa ta je can kai tsaye. Hanyar da ta rage ita ce a nemi ɗan ƙaramin sawun da abin da ke faruwa a can zai bari a matakin da muke iya aunawa. A 1989 Alan Kostelecký da Stuart Samuel suka nuna cewa a ka'idar zare, ɗaya daga cikin ka'idojin da ke ƙoƙarin sasanta biyun, daidaiton Lorentz yana iya karyewa da kansa. A 1997 da 1998 Kostelecký da Don Colladay suka tsara wani babban jadawalin lissafi da ya tattara duk hanyoyin da karyewar za ta iya bi, kowace hanya da adadinta da za a auna. Amfanin jadawalin shi ne ya nuna cewa kowace irin ƙwaya tana da nata adadai, don haka iyakar da aka kafa wa haske ba ta wanke niyutirino ba, ta furoton kuma ba ta wanke kayon ba.

Inda aka fi kusantar matakin Planck shi ne ta kallon sama. Wasu ka'idoji suna hasashen cewa haske mai yawan makamashi zai ɗan fi mai ƙarancinsa jinkiri, jinkirin da ba za a taɓa ji a ɗakin bincike ba amma zai taru a doguwar tafiya. A ranar 10 ga Mayu, 2009, tauraron ɗan'adam na Fermi ya kama wata gajeriyar fashewar hasken gama, wato haske mafi yawan makamashi, da ta yi tafiyar kimanin shekara biliyan 7, kuma a cikinta akwai ƙwayar haske guda da makamashinta ya ninka na hasken da ido ke gani fiye da sau biliyan 10, amma ta iso ƙasa da sakan ɗaya bayan farawar fashewar. Wannan ya isa ya kawar da mafi sauƙin nau'in hasashen har zuwa ɗan sama da matakin Planck. Fashewar 9 ga Oktoba, 2022, wadda ba a taɓa ganin mai haskenta ba, ta ba cibiyar LHAASO da ke kan tsaunukan Sichuan a ƙasar Sin damar ɗaga iyakar zuwa kusan ninki 10 na matakin. A ranar 17 ga Agusta, 2017 kuma, igiyar jan nauyi da hasken gama daga karon wasu taurari biyu sun iso da ratar sakan 1.7 kacal bayan tafiyar kimanin shekara miliyan 130, abin da ya nuna gudunsu ɗaya ne zuwa 'yan kaso kaɗan cikin miliyan biliyan.

Wannan hanya tana da rauninta, domin mai kallo bai san tabbas ko hasken duka a lokaci guda ya baro tushensa ba. A 2005 na'urar hangen sama ta MAGIC ta ga haske mai yawan makamashi daga tarin taurari na Markarian 501 ya makara da kusan minti 4, amma ana iya bayyana hakan da abin da ke faruwa a cikin tushen kansa, kuma sakamakon Fermi ya rufe fassarar da ta ɗora laifin a kan sarari. Haka nan idan jinkirin yana ƙaruwa ne da makamashi sau kansa, iyakokin da ake da su har yanzu suna can ƙasa da matakin Planck da tazara mai yawa, don haka wannan ƙofa a buɗe take.

A ɗakin bincike ma akwai sauran fili. An auna launin hasken haidirojin na gari da ingancin da ya ninka na kishiyarsa sau ɗaruruwa, kuma a cikin wannan tazara bambanci yana iya ɓuya. Abin da ke takura wa ƙungiyar BASE yanzu shi ne motsin maganaɗisun manyan na'urorin da ke zagaye da ita a CERN, shi ya sa suka ƙera tarkon da ake iya ɗorawa a mota. A watan Oktoba na 2024 sun zagaya harabar cibiyar da furoton na gari a cikinsa a bayan babbar mota ba tare da sun ɓace ba, kuma shirinsu shi ne su kai kishiyar furoton wani ɗakin bincike mai natsuwa a jami'ar Düsseldorf, inda suke sa ran ƙara ingancin ma'auninsu aƙalla ninki 100.